Barau a Kan Madacin Inna Barira

A ƙauyukan Zandam, daga nan har Gwaram da Birnin Kudu, in bishiya ta fara yi wa rufin ɗakin mutum barazana, sunan Barau ake ba shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk kanta. Shekara goma sha takwas ke nan yana yi wa itatuwa aski, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, har gobe tsoron hawa yake yi. Shi da bakinsa ya gaya mini.

Asali ba sana'arsa ba ce, ta yayansa Sabo ce. Sabo ya girme shi da shekara huɗu, kuma tun suna yara shi ne mahayi. In kanya ta nuna, Sabo ne a can ƙololuwa yana karkaɗowa, Barau yana ƙasa yana tsinta. Haka suka girma, suka yi aure, suka riƙa fita da rani in an gama aikin gona. Sabo ya hau da gatari ya saro rassa, Barau ya ja su gefe ya faskara ya ɗaure. Sabo ba ya ɗaura igiya a ƙugu. In an yi masa magana sai ya yi dariya, ya ce shi ba akuya ba ne.

Wata Talata da hantsi aka kira su wani gida a cikin Birnin Kudu, a rage wani mangwaro da ya haura katangar maƙwabta. Reshen da ake so a cire ya kai ƙaramin turmi kauri. Sabo ya tsaya a kan wani reshe na ƙasa da shi, ya riƙa kai masa sara daga sama. Bai ci rabi ba nauyin reshen ya rinjaya. Maimakon ya karye a wurin saran, sai ya tsage, tsagewar ta bi jikinsa ta koma baya, ɓarin da ya ɓalle ya yi sama ya doki Sabo a ƙirji. Barau ya ce shi bai ji ihu ba. Ƙarar faɗuwa kawai ya ji, kamar an jeho buhun gero daga kan mota. Sabo ya faɗo da baya a kan dakalin siminti.

Wata uku suka yi a asibiti. Sabo ya rayu, amma ƙafafunsa ba su sake motsi ba. Aka dawo da shi gida, daga baya aka samo masa keken guragu mai juyawa da hannu.

Gidaje biyu suka koma wuyan Barau, gonar gado kuwa hatsinta ba ya kai su bazara. Da rani ya zagayo sai ya nemi gatarin Sabo ya rasa. Kwana uku yana nema, sannan matarsa Kubra ta amsa cewa ita ta jefa shi cikin rumbu.

"Ɗaya ya isa, Baban Lailatu," in ji ta. "Ba zan iya jinyar biyu ba."

Shi ma abin da ke ransa ke nan. Amma da safe ya shiga rumbun ya ɗauko.

Da farko ƙananan darbejiya yake yi, iya inda tsani ya kai. Ran nan a Birnin Kudu, kusa da wurin renon dashen itatuwa, wani mai shago ya matsa masa ya ƙara sama kaɗan. Ya hau. Da ya waiwayo ya ga ƙasa sai hannuwansa suka ƙi sakin itacen. Ya rungume gangar bishiyar, ya manna fuska, gumi yana zuba, gatarin ya suɓuce ya faɗi. Mai shago ya shiga ciniki ya manta da shi.

Wanda ya lura da shi Malam Bernard ne, malamin gandun daji mai kula da wurin renon, mutumin Filato da ya daɗe a garin.

"Malam, lafiya kuwa? Tun ɗazu nake hangen ka a nan."

"Lafiya lau," in ji Barau, bai ɗago ba.

"To sauko mu gaisa mana."

"Ba zan iya ba."

Malam Bernard ya ɗauko igiya ya hau, ya ɗaura masa a ƙugu, ya riƙa kama ƙafarsa yana sa masa a inda zai taka, har suka dira. Ya ba shi ruwa, ya zauna ya saurari labarin Sabo tun daga farko. Da Barau ya gama, sai Malam Bernard ya tashi ya ja shi gindin wata ƙaramar darbejiya. Ya sa zarto a wani reshe daga sama, kafin ya kai rabi reshen ya sunkuya ya tsage, ya ɗaye ɓawo har jikin bishiyar.

"Haka ya yi?"

"Haka ya yi," in ji Barau.

Sai Malam Bernard ya koma wani reshen. Ya fara yanka shi daga ƙasa, kamu ɗaya daga ganga, ya ci kamar kashi ɗaya cikin uku ya tsaya. Ya matsa gaba da taƙi ɗaya, ya yanko daga sama. Reshen ya faɗi tsaf, tsagewar ta zo kan yankan ƙasa ta tsaya. Sannan ya cire guntun da ya rage, dab da ɗan kumburin da ke gindin kowane reshe, bai taɓa kumburin ba. Ya ce ta nan bishiya take rufe ciwonta, in aka sare shi ruwa ya shiga sai ruɓa.

Barau ya ce nan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula. Yanka ɗaya daga ƙasa, wanda ba ya cin minti biyu, shi ne abin da ba su sani ba.

Ranin nan kaf yana zuwa wurin Malam Bernard duk Asabar. A nan ya ajiye gatari ya koma zarto, don gatari yana girgiza mutum a sama, kuma yana barin bishiya da rauni kaca-kaca. Ya koyi ƙulla igiya a reshen da ya fi shi tsawo, ba wanda zai yanka ba, da ɗaure zarto a ƙugu don kada ya faɗo wa na ƙasa. Ya koyi ƙwanƙwasa gangar bishiya da ƙotar gatari ya saurara, in ta yi amo kamar tulu to akwai kogo a ciki. Aski bayan kaka ake yi, kafin iskar bazara, kuma ba a kwashe wa bishiya fiye da kwatan ganyenta a shekara guda. In akwai wayar lantarki kusa, ba ya taɓawa sai masu wuta sun zo sun kashe. Ba a hawa cikin iska, ba a hawa jiƙaƙƙen itace.

Da ya gaya wa Sabo labarin yankan ƙasa, Sabo ya juya fuska bango har kwana biyu. A rana ta uku ya ce a riƙa tafiya da shi. Tun daga nan, in aikin na kusa ne, za ka ga Sabo a kan kekensa nesa da gindin bishiya kaɗan, ya karkata kai yana kallo. Shi ke ganin inda nauyin reshe ya karkata, shi ke korar yara da awaki, shi ke cewa, "Ba wannan ba, na hagunsa tukuna." Mutane suna cewa Barau ya cika sanyin aiki, abin da wani zai gama kafin azahar shi sai la'asar. Amma shekara goma sha biyar bai taɓa fasa wa wani ko tukunya ba.

Shekara uku da suka wuce ne abin gidan Inna Barira ya faru.

Inna Barira tsohuwa ce a ƙauyensu, ta haura tamanin, tana zaune da ɗanta Abdulnasir mai kiwon shanun huɗa. A tsakar gidan akwai wani madaci da ya girmi kowa a unguwar, mutum uku ba sa zagaye shi da hannu. Babban reshensa na yamma ya miƙe ya bi ta kan ɗakin tsohuwar, ɗakin ƙasa mai rufin azara. Da ranin shekarar Barau ya shiga gidan gaisuwa, ya ɗaga kai ya ga wani baƙin ruwa yana tsatsowa a mahaɗar reshen da ganga, daidai wani tsohon saran gatari. Ya nemi tsani ya hau ya ƙwanƙwasa. Amon bai yi masa daɗi ba. Ya ce wa Abdulnasir a rage wa reshen nauyi tun kafin hadari.

"Bari zafin nan ya wuce, Malam Barau," in ji Abdulnasir. "Inna ba ta da wurin shan iska sai nan."

Zafi bai wuce ba hadarin farko ya zo. Ranar Alhamis ce, bayan azahar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso tana kwasar dangogi da kwanukan rufi, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, sannan ya ɗauke. Barau yana ɗaure dangarsa da ta kwanta sai ga Abdulnasir a guje, ba takalmi, ba hula.

"Barau! Madacin! Ya faɗa wa Inna, tana ciki!"

Barau ya shiga ɗaki ya kwaso igiyoyi da zarto. Kubra ta tsaya a bakin ƙofa.

"Itace a jiƙe yake. Kai ka ce ba a hawa."

"Ba lalle in hau ba," in ji shi. Ya ratsa ta gefenta ya wuce.

Ya bi Abdulnasir har gidan. Reshen ya kai tsawon motar ɗaukar itace. Ya karye a mahaɗa, amma bai rabu da ganga ba, wani ɓarin itace da ɓawo yana riƙe da shi a can sama. Tsakiyarsa ta danne rufin ɗakin, azarori sun karye ta gefe guda, bangon gaba ya tsage daga sama har ƙasa. Wani kakkauran reshe da ya fito daga jikinsa ya caki ƙasa daidai ƙofar ɗakin ya toshe ta. A kansa maza uku suka duƙufa da gatura, suna sara da duk ƙarfinsu don su buɗe hanya.

"Ku tsaya!" Barau ya ƙwala. "Don girman Allah ku tsaya!"

Ba su ji ba, sai da ya kama ƙotar gatarin ɗaya daga ciki.

"Wannan ita ce ƙafar da yake tsaye a kanta. In kun sare ta, duk nauyin nan a kan Inna zai sauka."

Suka ja baya suna haki. Sun riga sun ci kusan rabinta. Da tsakar gidan ya yi shiru sai kowa ya ji abin da ƙarar gatura ta ɓoye, itacen yana ƙara a hankali, ƙas, ƙas, kamar ana taka busasshen kara. Can daga ciki kuma wata siririyar murya.

"Abdu... Abdu..."

Abdulnasir ya durƙusa jikin tsagewar bango. "Inna, ga ni. Kina ina?"

"Gefen gado. Azara ta danne mini kafaɗa. Ƙasa tana zubo mini a ido."

Sai ga Sabo, maza biyu suna turo kekensa cikin taɓo. Ya ce a zagaya da shi. Aka zagaya da shi ɗakin sau biyu, idonsa a sama. Sannan ya ce a ciro gwafannin rumfar shanu guda huɗu a tokare reshen da su, a kwanto igiyar rijiyar unguwa, mai kaurin nan.

"Ba ta ƙofa za a fito da ita ba," in ji shi. "Bangon baya ba ya ɗauke da komai, shi za a huda. Amma in aka fara bugun bango, ɗakin zai girgiza. Sai an ɗaure reshen daga sama, a rage wa ƙafar nan nauyi."

Ya dubi Barau. Barau ya dubi madacin. Ruwa yana bin gangarsa yana sheƙi. Gabas kuma ta fara haɗa wani hadarin.

"Da ina da ƙafa..." in ji Sabo.

"Na sani, Yaya."

Ya tuɓe riga da takalmi. Ya ɗaura dutse a bakin igiyarsa ya jefa, sau huɗu yana kuskurewa, a na biyar ta ratsa wata mahaɗa ta can sama ta dawo. Ya ƙulla a ƙugu, ya ba maza uku ɗaya bakin, ya ce kada su saki ko sama za ta faɗo. Ya rataya igiyar rijiyar a kafaɗa, ya yi bisimilla, ya hau tsani.

Inda tsani ya ƙare nan wahala ta fara. Ɓawon madacin ya sha ruwa ya zama kamar an shafa masa sabulu. Yana sa ƙafa tana zamewa, ɓawo yana ɓallewa a hannunsa. Ya riƙa jan jiki da ƙirji da gwiwa. Da ya kai daidai karayar ya leƙa, sai ya ga cikin mahaɗar duk ya ruɓe, baƙi, yana wari, tururuwa suna fitowa. Abin da ke riƙe da wannan uban nauyi bai fi faɗin tafin hannu biyu ba.

Ba zai yiwu ya taka karyayyen reshen ba. Akwai wani lafiyayye a samansa da ya bi hanya ɗaya da shi, shi ya hau ya kwanta rub da ciki, ya riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, don ya kai inda zai zura igiya ta zagayo na ƙasan. Ya miƙa hannu, bai kai ba. Ya ƙara leƙawa. Sai gwiwarsa ta zame.

Ya ce bai san lokacin da ya bar reshen ba. Ya dai ji iska a bayansa, sannan igiyar ta fizge shi a haƙarƙari, wani abu ya yi ƙas a cikin ƙirjinsa, numfashinsa ya ɗauke. Mata suka sa salati. Yana lilo a sama, kansa ya yi ƙasa, zarto yana dukan cinyarsa, yana ganin tsakar gida tana juyawa, da turmi, da fuskokin mutane. Mazan da ke riƙe da igiyar ta ja su taku biyu a cikin taɓo kafin suka turje.

"Barau." Muryar Sabo ce, ba da ƙarfi ba. "Barau, kana ji na?"

Igiyar ta ci gaba da juya shi.

"Rufe idonka. Igiya ta riƙe, ni ina ganinta. Miƙa hannun dama. Ƙara. Akwai reshe nan, ɗan ƙarami. Kama shi."

Ya laluba ya kama.

"Yawwa. Ja jikinka. Kada ka taɓa na ƙasanka, Barau, don Allah kada ka taɓa shi."

A nan muryar Sabo ta karye. Barau ya ce wannan ya fi faɗuwar ba shi tsoro, don tun da yake bai taɓa jin yayansa yana roƙo ba. Ya ja jiki ya koma kan reshen, ya kwanta yana shaƙar iska guntu-guntu, kowane numfashi kamar ana soka masa wuƙa. Daga inda yake yana hangen cikin ɗakin ta ramin rufi. Ya ga ƙafar tsohuwar guda ɗaya, ƙasa ta rufe ta har idon sawu, 'yan yatsun suna motsi.

Wannan karon ya ɗaura dutsen a bakin igiyar rijiya, ya lila shi ta ƙarƙashin karyayyen reshen, ya cafe ta ɗaya gefen. Ya ƙulla, ya sake ƙullawa. Ya koma baya ya ratsa ta mahaɗar sama, ya jefa sauran ƙasa. Sabo ya sa aka naɗa ta sau uku a gindin wata tsamiya da ke bayan katanga, maza goma suka kama.

"Kada ku ja," in ji Sabo. "Ku tsuke ta kawai, ku riƙe. To, masu diga, bisimilla. A hankali."

Aka fara huda bangon baya. Kowane bugu Barau yana jinsa a jikin bishiyar. Iska ta fara kaɗawa, ganyen karyayyen reshen ya riƙa kama ta, reshen yana ɗan motsi hagu da dama. Sabo ya ce sai an rage ganyen. Barau ya zaro zarto, yana kwance, ya riƙa yanke ƙananan rassan da hannunsa ya kai, waɗanda ba su ɗauki nauyin komai ba. Kowanne sai ya tambaya.

"Wannan?"

"Yanke."

"Wannan fa?"

"A'a! Bar shi, ya dafa bango."

Tsawa ta yi a gabas. Barau ya waiwaya wajen karayar, ya ga zaruruwan itacen suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da 'yar ƙararsa. Bai gaya wa kowa ba sai ya ce, "Ku yi sauri." Da wani ya sake tsinkewa ya ce, "Ku yi sauri mana!" da wata murya da shi kansa bai gane ta ba.

Masu diga suka ajiye, suka koma yaƙushin ƙasa da hannu. Abdulnasir ya kutsa ta ramin da rarrafe, wani ya bi shi da taɓarya, suka ɗaga azarar da ta danne ta. Barau yana ganin bayansu ta ramin rufi, ƙasa tana zubo musu. Ya ji tsohuwar ta yi ƙara sau ɗaya. Sannan ƙafar nan ta ɓace daga inda yake ganinta.

"An fito da ita! An fito da ita!"

"Kowa ya bar jikin ɗakin!" Sabo ya daka tsawa. "Barau, koma bayan ganga ka rungume!"

Ya ja da baya da sauri iya yadda haƙarƙarinsa ya bar shi. Yana zagayawa bayan gangar iskar ta iso gaba ɗaya. Ƙafar da aka sara ta karye kamar harbin bindiga, gwafanni biyu suka yi tsalle, duk nauyin ya koma kan igiyar rijiya. Mahaɗar sama ta fara sunkuyawa, kuma a jikinta igiyar Barau take.

Sabo ne ya gani. "Ku saki ta rijiyar! Ku saki! Ku saki!"

Suka saki. Igiyar ta zare daga jikin tsamiya tana hayaƙi, reshen ya mirgina ya ɓalle daga ganga, ɗakin Inna Barira ya zauna ƙasa gaba ɗaya, gado da komai. Madacin da aka sauke wa nauyi ya yi baya da ƙarfi ya dawo, ya sake komawa. Barau ya ƙanƙame shi ido a rufe, fuskarsa tana gurzar ɓawo, yana maimaita kalmar shahada.

Da girgizar ta lafa ruwa ya ɓarke. Mazan suka riƙa sassauta masa igiya yana zamowa, har ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ya durƙusa a cikin taɓo ya yi amai. Da ya ɗago ya ga Sabo a cikin ruwan, ya ƙi a tura shi zaure. Kubra tana tsaye a bayansa, ashe tun hawansa take wurin, ta cusa gefen mayafinta a baki.

Aka sa Inna Barira a mota aka kai ta asibiti a Gwaram, Barau a gefenta. Ita ƙashin kafaɗa ne ya karye, shi haƙarƙari biyu. A hanya ta buɗe ido ta gan shi, fuska duk ƙurje.

"Ɗan nan, kai ma ɗakin ya faɗa maka?"

"A'a, Inna. Ni ina sama."

"Sama? Cikin wannan iska? Ba ka da hankali ne?"

Daminar nan bai iya riƙe fartanya ba. Abdulnasir ne ya kawo shanunsa ya huɗe masa gona, da ta Sabo, mutanen unguwa suka yi musu gayyar noma. Ya daɗe ba ya son zama a gindin kowace bishiya, ko ƙarar karyewar kara ya ji sai ya zabura.

Da kaka ta wuce Abdulnasir ya zo ya ce a kawo masu inji su kayar da madacin kowa ya huta. Barau da Sabo suka je suka duba. Barau ya ƙwanƙwasa gangar tun daga gindi har mahaɗa, ya ce ruɓar a reshen nan kaɗai take, sauran jikin lafiya lau. Ya hau ranar da babu iska, ya gyare bakin karayar da zarto, ya karkata yankan yadda ruwa ba zai kwanta ba, ya rage rassa biyu masu nauyi. Sauran ya raba su shekara uku, bana ya gama.

Inna Barira ta warke, ko da yake hannun ba ya ɗaguwa sosai. Da za a sake yi mata ɗaki ta ce a kai shi can ƙarshen gida, kusa da turken awaki, inda babu ko reshe guda a sama. An yi mata. Amma da rana ta take, sai ta sa a shimfiɗa mata tabarma a gindin madacin, ta zauna tana ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya da rabi, tana yi wa kaji faɗa.